A Hau da Ƙafa, a Sauko da Jirgi



Sharhin namu na yau zai kai mu ƙasar Suwizalan, can cikin tsaunukan Alps, inda mutanen wurin suke da wata al'ada da baƙo kan riƙe baki in ya fara cin karo da ita. Sai a je can saman tudu, inda mota ba ta zuwa, a gina wa yara filin wasa: ga lilo, ga abin zamiya, ga ramukan ɓuya, ga wurin wasan ruwa. Ranar Asabar ko Lahadi kuma a taso yara 'yan shekara uku, huɗu, biyar, a ɗaura musu takalma, a rataya wa kowa 'yar jakarsa, a ce to, bismillah, da ƙafa za a je.

Uwa Bahaushiya in ta ji haka, abin da za ta fara cewa shi ne, wannan ai wahalar da yaro ne, filin wasa ya ƙare a cikin gari ne? Ba zan ce ba ta da gaskiya ɗungurungum ba. Amma ni ina ganin hawan yana da ribar da lilon cikin gari ba zai bayar ba, muddin an kiyaye sharaɗi guda: inda hanya take a tsaye, a hau da ƙafa, a sauko da jirgi. Yawancin baƙi akasin haka suke yi. Bari mu ɗauki wuri guda mu auna maganar a kansa.

A jihar Bern akwai wani kwari da ake kira Lauterbrunnen. Kwari ne mai zurfi, bangon dutse ta dama, bangon dutse ta hagu, ruwa na kwararowa daga sama a wurare 72. Mafi shahara a cikinsu, Staubbach, yana faɗowa daga tsayin kusan mita 300, kafin ya iso ƙasa iska ta mai da shi feshi. A bisa bangon yamma aka ɗora wani ƙauye, Mürren, wanda mazaunansa ba su kai 500 ba, a tsayin kimanin mita 1,640 daga matakin teku. Ba a zuwa Mürren da mota. Ko dai ka shiga motar igiya daga Lauterbrunnen zuwa Grütschalp ka kama ɗan ƙaramin jirgin ƙasa, ko ka hau wata motar igiyar daga Stechelberg. A bayan ƙauyen kuma wani tudu ya yi tsaye, Allmendhubel, mai tsayin mita 1,907. Don mai sauraro ya gane, garin Jos yana wajen mita 1,200 ne, ƙololuwar Bagzane kuwa, wadda ta fi kowane dutse tsayi a Nijar, mita 2,022 ce. To a wannan tsayin aka shimfiɗa wa yara filin wasa, da manyan furanni na ƙira da yaro zai hau, da rami irin na dabbar nan marmot mai fito in ta hangi mutum, da wurin da yara ke kwaikwayon tatsar nono da haɗa cuku. In yaro ya ɗaga kai daga kan lilo, manyan duwatsu uku ne a gabansa: Eiger mai mita 3,967, da Mönch, da Jungfrau mai mita 4,158, kawunansu fari fat da ƙanƙara ko a tsakiyar watan Yuli.

Tsakanin ƙauyen da filin wasan, hawan bai wuce mita 270 ba. A takarda ba wani abu ba ne. Daga cikin gari ma kana hango wurin, har ka ce wa iyali, ga shi can, yanzu za mu isa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Gajeriyar hanyar a tsaye take, tana murɗawa cikin ciyawa da itatuwa, wani wuri saiwa, wani wuri tsakuwa, wani wuri matakalar da aka yi wa ƙafar babba, wadda yaro ɗan shekara huɗu sai ya dafa da hannu kafin ya ɗaga gwiwa. Ba a jima da barin gidajen ƙarshe ba za ka fara jin waƙar da duk mai yara ya sani: "Baba, saura nawa?" Can kuma, "Umma, na gaji, ki goya ni."

Akwai jirgi a wurin, ɗan ƙarami, wanda igiyar ƙarfe ke ja a kan dogo. Tun 1912 yake aiki, kuma ba don yara aka yi shi ba, don masu wasan tseren ƙanƙara aka yi shi, a zamanin da Turawan Ingila suka mai da Mürren wurin hutunsu na hunturu. A nan ne ma wani mai suna Arnold Lunn ya shirya tseren zamiyar ƙanƙara na ratsa sanduna a 1922, wanda daga baya ya zama wasan duniya. Cikin minti huɗu jirgin nan zai sauke ka a bakin filin wasan, babu gumi, babu kuka. To me zai sa mai hankali ya bar shi ya bi ƙasa?

Dalilin yana ga abin da yaro ke samu a hanya. Yaron da aka ɗauko a jirgi aka ajiye gaban lilo, lilon kawai ya sani, dutsen nan kuwa hoto ne a wurinsa. Wanda ya tako ya san nisan wurin a cinyarsa. Ya ji yadda numfashi ke sauyawa, ya ga inda itatuwa suka fara raguwa, ya tsaya ya leƙa ramin tururuwa, ya jefa kara a ƙorama ya bi shi da ido. Ya kuma koyi wani abu da ba a koyar da shi da baki: cewa gajiya tana zuwa, a zauna, a sha ruwa, ta tafi, a tashi. Kuma filin wasan nan na sama, in mun faɗa wa kanmu gaskiya, ƙugiya ce. Yaro ɗan shekara huɗu ba ruwansa da kyawun tsauni. Ka ce masa zo ka ga Jungfrau, zai dube ka kawai. Ka ce masa akwai rami a can sama da zai shiga ta nan ya ɓullo ta can, sai ka ga ƙafa ta samu.

Masu kamfanonin jiragen tsauni su ma sun san da wannan ƙugiya, kuma ba sadaka suke yi ba. Kasuwarsu ta dogara ne a kan ƙanƙarar hunturu, ita kuwa ƙanƙarar nan ja da baya take yi. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, daskararrun ƙanƙarar Suwizalan sun rasa kusan kashi 10 cikin 100 na girmansu. Dole su nemi abin da zai kawo iyali a watannin zafi, shi ya sa kusan kowane tudu mai jirgi yanzu yake da filin wasansa. A Männlichen, tsallaken kwarin, wata ƙatuwar saniya suka ƙera wadda yara ke shiga cikinta su hau su zamo ƙasa. Ban ga laifinsu ba. Ciniki ne, kuma yaro ya amfana.

Abin da ya fi filin wasan burge ni shi ne hanyar kanta, da yadda ƙasar ta ɗauke ta da muhimmanci. Labarin ma da yara ya faro. Wajen 1930 wani malamin makaranta, Jakob Ess, ya ɗebi ɗalibansa suka bi hanyar Klausen a ƙafa, sai suka tsinci kansu a gefen titi, motoci na wucewa suna bulbula musu ƙura da hayaƙi. Malamin ya ce ba za ta saɓu ba, masu tafiya a ƙasa su ma a ware musu hanyoyinsu, a sa alama. Shi da wani mai suna Otto Binder suka tsaya a kan maganar, har a 1934 aka kafa ƙungiyar hanyoyin yawon ƙafa ta ƙasa baki ɗaya, aka zaɓi allo mai ruwan ɗorawa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ƙasar suka sa aka cire allunan, don kada su zame wa abokan gaba jagora, bayan yaƙi aka mayar. A 1979 jama'a suka kaɗa ƙuri'a aka shigar da batun hanyoyin ƙafa cikin tsarin mulki. Ku ji fa, hanyar ƙafa, a tsarin mulki! Yau hanyoyin da aka yi wa alama sun haura kilomita 65,000, a ƙasar da faɗinta bai kai na jihar Borno ba.

Alamomin nan ba ado ba ne, magana suke yi, kuma duk mai tafe da yara wajibi ne ya iya jin yarensu. Allo mai ruwan ɗorawa zalla yana nufin hanya ce ta kowa. In ka ga an ƙara fari da ja da fari a bakin allon, ko an shafa su a jikin dutse, to hanyar tsauni ce: tana iya tsukewa, tana iya yin tsaye, wani wuri gefenta rami ne, ana bukatar takalmi mai kama ƙasa da ƙafar da ba ta rawa. Fari da shuɗi da fari kuwa ta gwanaye ce, ba wurin ƙananan yara ba ne, kada ma a fara. A jikin allon ana rubuta lokaci, ba nisa ba. To a nan baƙo ke faɗawa rami. Lokacin nan an lissafa shi ne a kan tafiyar babban mutum, kilomita 4.2 a awa in ƙasa a shimfiɗe take, kuma ba a sa hutu a ciki ba. Mai yara ya ninka shi biyu, in bai ƙare ba ma ya ƙara. Allon bai yi ƙarya ba, ba da ɗanka yake magana ba ne kawai.

Nan ne kuma halin maigida ke fitowa fili. Na lura, a irin wannan tafiya ba kasafai yaro ke zama matsala ba, uban ne. Shi ya duba taswira, shi ya ce awa ɗaya, shi ya riga ya ƙudurta hoton da zai ɗauka a sama ya tura wa 'yan uwa. Sai ka gan shi can gaba, yana waiwaye yana cewa ku yi sauri mana, uwar tana baya da goyo da jakar abinci, ɗan tsakiya ya zauna a kan dutse ya kumbura baki. Tafiyar da aka fito yi don yara ta koma ta girman kan babba. Ƙa'idar masu hawan dutse a nan a bayyane take: mafi ƙanƙanta shi ne ke yanka saurin tafiya. In ana hawa, yaro a gaba, babba a bayansa, don in ya zame ya faɗo a hannu. Inda hanya ta tsuke, yaro ta ɓangaren tudu, babba ta ɓangaren rami. A ci ɗan abu tun yunwa ba ta yi magana ba, a sha ruwa tun ba a nema ba. Kuma kada a yi wa yaro ƙaryar "mun kusa" alhali da saura. Sau ɗaya za ka yi masa ita ta ci, daga nan ya daina yarda da kai. Gara ka ce, ka ga waccan bukkar? Can za mu zauna mu ci dabino.

Sai goyo. Mu dai ba za a koya mana goyo ba, amma na kan dutse yana da nasa sha'ani. Duk mita 100 da aka hau, zafin iska na raguwa da fiye da rabin digiri. Mai goyon yana aiki, gumi na tsatstsafo masa, yana ji kamar ya cire riga. Na bayan kuwa a zaune yake cik, ƙafafu a rataye, iska na dukansa, kuma bai iya cewa sanyi nake ji ba. A riƙa taɓa hannunsa da ƙafarsa, a sauke shi lokaci lokaci ya motsa jini. Rana ma haka take yaudara. Iska na kaɗawa da sanyi, amma haskenta ya fi na ƙasa ƙarfi da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000. Kada wani ya ce ai mu baƙaƙe ne, rana ba ta cin mu. Idon yaro da fatarsa ba su san wannan fahariyar ba. A sa masa hula.

Akwai shanu a hanya. Makiyayan Alps suna hawa da dabbobinsu saman tsauni in ciyawa ta fito, wajen watan Yuni, su sauko da su a Satumba ana biki, an yi wa shanun ado da furanni da manyan ƙararrawa. Duk wanda ya san mashekarin Fulani da tafiyar rani zai gane tsarin nan da nan, har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya a 2023. Hanyoyin yawo kuwa ta cikin makiyayar suke ratsawa. Ɗan birni zai ga saniya mai ƙararrawa ya ce wa yaro je ka shafa ta in ɗauke ku hoto. Wanda ya tashi kusa da garke ba zai yi wannan gangancin ba, ya san saniya mai ɗan maraƙi ba ta da aboki. A 2014, a kwarin Pinnis na ƙasar Ostiriya, shanu suka tattake wata Bajamushiya mai yawo da karenta har ta mutu. Shari'ar ta ja shekaru, kotu ta fara ɗora wa mai shanun laifi a 2019, daga baya aka raba laifin biyu, kuma a dalilin haka Ostiriya ta fitar da ƙa'idojin ratsa makiyaya. A ba su tazara, a riƙe hannun yaro, a wuce ba hayaniya, a rufe ƙofar shinge in an bi ta ciki. Siririyar wayar nan da ke zagaye da su kuma akwai lantarki a jikinta. Ba ta kisa, amma yaron da ya kama ta zai yi kukan da za a ji a ƙauye.

To mu koma kan sharaɗin da na gindaya tun farko. Me ya sa na ce a sauko da jirgi?

Saboda mutane suna auna wahala da haki ne, ba sa auna ta da haɗari. Hawa shi ne mai sa haki, don haka ake tsoronsa. Amma mai hawa a hankali yake tafiya, fuskarsa na kallon ƙasar da zai taka, in ya zame gwiwa da tafin hannu ne za su sha. Gangara ita ce mai mugunta. Nauyin jiki duk yana tura ka gaba, tsakuwa na mirginawa a ƙarƙashin takalmi, yaro kuwa da ya ji ƙasa tana jansa sai ya saki ƙafa da gudu, kuma bai san yadda ake tsayawa ba. Kowace shekara ana rasa rayuka gommai a yawon tsaunukan Suwizalan, yawancinsu ta hanyar zamewa da faɗuwa, kuma masu aikin kiyaye haɗurra kullum suna jan kunne a kan saukowa. Ga kuma lissafin lokaci. Iyalin da suka hau da safe sun yi tafiyar ne da sabon ƙarfi, da ɗokin filin wasa yana jan yara. In aka ce sai bayan wasa za a yi tafiyar, yaran sun riga sun zubar da ƙarfinsu a lilo da rami, ƙugiyar ta ƙare, babu abin da ke jiransu a ƙasa sai wanka da barci. Babba kuma zai ƙare da yaro a wuya a kan gangara, ba ya ko ganin inda yake sa ƙafa. Sannan a watannin zafi hadarin tsauni da la'asar ya fi haɗuwa. Gari zai waye tangaran, bayan azahar gajimare ya taru a kan duwatsu, kafin ka ce kwabo an fara tsawa, ciyawa da saiwoyi sun zama santsi. Lambar jiragen ceto na Rega 1414 ce, ta gaggawa ta Turai kuma 112. A ajiye su a waya, amma a yi tsarin da ba za a bukace su ba.

Wani zai ce, ai daga Allmendhubel akwai hanyar saukowa ta kwarin Blumental, ta wajen Sonnenberg da Suppenalp, kuma iyalai na bin ta kullum lafiya lau. Haka ne. Waccan ta fi tsawo, ta fi kwanciya, akwai wuraren zama a sha shayi, kuma yaron da ya saba da dutse zai sauko ta cikinta yana tsalle. Maganata a kan hanya mai tsaye take, da yaran da ba su saba ba, irin 'ya'yan 'yan uwanmu mazauna biranen Turai da suka zo hutu, waɗanda tudun da suka sani shi ne matakalar bene. Su waɗannan, in ma an ga hawan ya fi ƙarfinsu a tsakiyar hanya, a juya a koma gari a kama jirgin. Ba wanda zai tare ku a sama ya tambayi yadda kuka zo.

Batun kuɗi kuwa, Suwizalan ba ta da sauƙi, kofin shayi ma sai ka sake duba takardar. Amma a kan yara sun sassauta. Wanda bai kai shekara 6 ba kyauta yake shiga jiragen ƙasar, daga 6 zuwa ƙasa da 16 kuma akwai katin shekara na faran 30, kuɗin Suwizalan, da yaro zai riƙa tafiya da shi muddin yana tare da mahaifi ko mahaifiya. Hanyar ƙafa ba a biyan ko sisi. Wanda ya hau da ƙafa tikitin saukowa kawai zai saya.

Abu ɗaya dai a kiyaye. Jirgin Allmendhubel ba duk shekara yake aiki ba, yana hutawa tsakanin lokacin ƙanƙara da lokacin zafi, kuma ko a ranakun aikinsa da yamma yake tashi daga aiki. A watan Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe 9 na dare, don haka mai auna lokaci da rana zai zauna yana kallon yara na wasa, yana ganin da sauran yini, alhali jirgin ƙarshe ya sauka. Tun a gindin tudun, kafin a ɗaga ƙafa, a tsaya a tashar a karanta jadawalin.